Babban Baƙi da Ƙaramin Baƙi: Yadda Sunan Fayil Ke Kayar da Shafin Intanet

Da aka ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, wani abokina ya ba ni shawara in ɗauko babban batu, irin ƙirƙirarriyar basirar nan da kowa ke zance. Na ce masa ni harafi ɗaya zan kawo, domin harafi ɗaya ne ya taɓa hana ni barci har asuba.

Shekarun baya na gina wa wata makaranta shafin duba sakamakon jarrabawa. A laftof ɗina mai Windows na yi aikin, na gwada shi ciki da bai, komai lafiya lau. Daren da za a saki sakamako na ɗora shi a kan sabar da makarantar ta yi haya, wato kwamfutar da ke riƙe da shafi tana miƙa wa duk wanda ya buɗe, ita kuwa Linux ce a kanta. Ina buɗewa sai na ga tambarin makaranta babu shi, sai wani ɗan akwati fanko. Na ce wannan mai sauƙi ne, bari in duba wurin shiga. Ina dannawa shafi ya yi fari fat, sai layi ɗaya da ke cewa ba a ga wani fayil ba. Ga fayil ɗin kuwa ina kallonsa da idona a cikin folda. Na share na sake ɗorawa, na zargi masu sabar, na zargi netwok, babu wanda ban zarga ba sai kaina. Wajen kiran sallar farko na lura. Sunan fayil ɗin Dalibi.php, da babban baƙi a farko, ni kuwa a cikin umarnina na rubuta dalibi.php. Tambarin kuma an ajiye shi Tambari.PNG, ni ina kiran tambari.png. A wurin laftof ɗina waɗannan suna ɗaya ne. A wurin sabar suna biyu ne, kuma ɗayan bai taɓa wanzuwa ba.

Ba laifi ba ne idan wannan ya yi wa Bahaushe baƙon abu. Wanda ya fara karatu a allo ya san ajami ba shi da babban baƙi da ƙarami, haka Larabci. Boko ne ya zo mana da wannan rabo, kuma ko a bokon kunne ba ya jin sa. In na kira Musa, babu wanda zai ji ko da babban M na kira shi. Kwamfuta kuwa ba ta da kunne, lambobi take gani. A tsarin ASCII da Amurkawa suka tsara a shekarun 1960, babban A lambarsa 65, ƙaramin a lambarsa 97. Tazarar 32 ce tsakaninsu, kuma a idon injin nisan A da a ya fi nisan A da B nesa ba kusa ba. Duk na'urar da ta ce maka A da a ɗaya ne, wani ne ya zauna ya koya mata.

Ken Thompson da Dennis Ritchie, da suka fara Unix a Bell Labs a 1969, ba su koya mata ba. A wurinsu sunan fayil jerin lambobi ne kawai, in jerin ya zo daidai an samu, in ya saɓa ko da lamba ɗaya babu. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ta gaji wannan hali, kuma ita ce a kan mafi yawan sabobin da ke ɗauke da shafukan duniya. A ɗaya gefen, MS-DOS ta 1981 ba ta ma san ƙaramin baƙi a sunan fayil ba: haruffa takwas, ɗigo, haruffa uku, duka manya. Har yau burbushin wannan na nan a kyamarori, shi ya sa hoto ke fitowa da suna irin IMG_0001.JPG. Da Microsoft ta kawo tsarin ajiya na NTFS a 1993, sai ta ɗauki hanya ta tsakiya, tana ajiye suna yadda ka rubuta shi, amma in an zo nema ba ta kula da girman baƙi. Apple ma haka, daga HFS+ na 1998 zuwa APFS na 2017, yadda Mac ke zuwa daga kamfani. Wannan hanya ta tsakiya ita ta fi yaudara. Idonka na ganin Dalibi.php da babban D, kana zaton na'ura ta damu da shi, alhali ado ne kawai ta bar maka.

Kada wani ya fita daga nan yana cewa Windows ba ta bambantawa, Linux na bambantawa, shi ke nan. Halin na tsarin ajiyar faifai ne, kuma yanzu kowane ɓangare ya ari rigar ɗan'uwansa. Tun 2018 Windows 10 na barin ka sa wata folda ta riƙa bambanta baƙaƙe. Tun 2019 tsarin ext4 na Linux na barin ka sa wata folda ta daina bambantawa. Mai Mac na iya yanke wani sashe na faifai ya tsara shi mai bambantawa, kuma wayar iPhone, ta kamfani ɗaya da Mac ɗin, tana bambantawa. Don haka manhajar da ke tambayar sunan babbar manhaja don ta yanke hukunci tana tambayar wanda ba shi ne mai amsa ba.

To ina ruwan masu gina shafi? A yau kusan babu mai fara shafi daga tushe. Akwai kayan aiki da aka riga aka harhaɗa, irin su Laravel da Django da Rails da Express da ASP.NET, waɗanda ake kira firemwok. Ni masaƙa nake ce musu, tunda an kafa itatuwan, kai zarenka kawai za ka ɗora. Sauƙin masaƙa kuwa daga sunaye yake zuwa. Ba ka gaya mata inda kowane abu yake, ita ke ɗaukar sunan da ka ambata ta mayar da shi hanyar fayil. Ka ce mata Dalibi, ta je folda kaza ta nemo Dalibi.php. Adireshin da baƙo ya rubuta a burauza, shi ma ta mayar da shi hanyar fayil. Kowace irin wannan juyawa wuri ne da tambaya ɗaya ke tasowa: shin waɗannan sunaye biyu ɗaya ne? Abin da nake so ku riƙe daga wannan lacca shi ne, a cikin buƙata guda ta baƙo guda, alƙalai biyu ne ko uku ke amsa wannan tambaya, kuma ba littafi ɗaya suke karantawa ba.

Ku dubi PHP. Harshen kansa bai damu da girman baƙi a sunan aji ba, Dalibi da dalibi duk ɗaya ne a wurinsa. Amma ƙa'idar PSR-4, wadda Composer ke bi wajen nemo fayil ɗin kowane aji, ta ce dole sunan fayil da na folda su dace da sunan ajin baƙi da baƙi. A kan Windows babu mai tilasta wannan ƙa'ida, sai ka shekara kana karya ta ba ka sani ba. Express kuma, yadda take zuwa, tana ɗaukar /Shiga da /shiga a matsayin hanya ɗaya, amma in hoto ko wani fayil aka nema sai ta miƙa wa faifai ya yanke hukunci. Shafi ɗaya ke nan, rabinsa mai sassauci, rabinsa ya danganta da inda aka ɗora shi. Masu ASP.NET sun sha wannan sosai bayan 2016, lokacin da .NET Core ta ba su damar barin Windows su koma Linux, suka tarar da tsofaffin sunayen da suka shekara suna rubutawa yadda suka ga dama sun zame musu bashi. Har rumbun bayanai bai tsira ba. MySQL na ajiye teburori a matsayin fayiloli, shi ya sa yake da saiti mai suna lower_case_table_names, wanda ke zuwa 0 a Linux, 1 a Windows, 2 a Mac, kuma daga MySQL 8.0 ba a canza shi bayan an kafa rumbun. Tun ran gini ran zane.

Akwai waɗanda suka hango abin da wuri, kuma a ganina su ne a kan daidai. A 2001 Tim Peters ya rubuta wa Python shawarar da ake kira PEP 235, wadda ta sa ko a kan Windows ko Mac, in ka kira wani sashe na manhaja da baƙin da bai dace ba, Python zai ce bai gani ba, duk da cewa faifai a shirye yake ya miƙo. Ya ƙi karɓar alfarmar da aka yi masa. Amfanin wannan shi ne kuskuren zai fashe a gabanka da rana tsaka, kana da shayi a gefe, maimakon ya jira daren sakin sakamako. Amma ku lura, wannan kariya ta tsaya ga sassan Python. Fayil ɗin zanen shafi da Django ke nema, da hotuna, duk suna hannun faifai. TypeScript ma yana da irin wannan saiti, forceConsistentCasingInFileNames, wanda tun fitowa ta 5.0 a 2023 yake zuwa a kunne. Masu harshen Go kuwa dabara suka yi mai ban sha'awa: in za su ajiye kayan da suka sauko da su, kowane babban baƙi sai su mayar da shi alamar motsin rai da ƙaramin baƙi, Azure ya koma !azure, ta yadda sunaye biyu ba za su taɓa karo ba a kowane irin faifai.

Sai Git, inda muke ajiye tarihin aiki. Linus Torvalds ya rubuta shi a 2005 don aikin Linux, saboda haka a zuciyarsa yana bambantawa. In ya samu kansa a faifan da ba ya bambantawa sai ya kunna core.ignorecase don su zauna lafiya. Nan ne mutum ke gane kuskurensa, ya sa linzami ya gyara dalibi.php zuwa Dalibi.php, ya tura, ya ce ya gama. Git bai ga an canza komai ba, sabar kuma tana nan da tsohon suna. Da umarnin git mv ake irin wannan gyara. Mafi muni shi ne abokin aikinka mai Linux ya ƙirƙiri fayil biyu da baƙi kawai ya raba su. In ka sauko da su a Mac ko Windows, wuri ɗaya za su faɗa, ɗaya ya danne ɗaya, Git kuma ya riƙa nuna maka canjin da ba ka yi ba. Tushen Linux kansa yana da irin waɗannan tagwaye, kamar xt_DSCP.c da xt_dscp.c, kowanne da aikinsa daban.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu ɓacin rai ne da ɓata lokaci. Shafi ya faɗi, an gyara, an wuce. Ɓangaren da ya fi damuna shi ne wanda shafi ba ya faɗuwa.

Ku ɗauka akwai sito, da maigadi a ƙofa, da ma'aji a ciki. An ba maigadi takarda an ce duk wanda ya zo neman abu mai suna sirri, a hana shi. Maigadin nan da ido yake aiki, baƙi da baƙi yake dubawa. Ma'aji kuwa da kunne yake aiki. Ɓarawo ya zo ya rubuta SIRRI da manyan baƙaƙe. Maigadi ya duba takardarsa, ya ga ba haka aka rubuta ba, ya ce wuce. Ma'aji ya ji an ce sirri, ya ɗauko ya miƙa. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu bisa littafinsa, kaya kuwa sun fita. Masaƙa ce maigadi, faifai ne ma'aji.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Wajen shekarar 2000 an gano cewa wasu sabobin Java a kan Windows, in ka nemi shafi da .JSP maimakon .jsp, ba sa gane cewa umarni ne da za a gudanar, sai su miƙo maka ɗanyen rubutun umarnin kamar wata takarda, da duk abin da mai shi ya ɓoye a ciki. Har yau littafin jagorar sabar Tomcat na gargaɗin kada a kunna allowLinking a kan Windows ko wani faifai marar bambantawa, domin zai kashe binciken baƙaƙe ya buɗe wannan ƙofa. Jagorar sabar Apache ma ta yi kashedin kada a kare folda ta hanyar adireshinta, domin a irin wannan faifai canza girman baƙi kawai ya isa a zagaye katangar. Apple sai da ta rubuta wa Apache wani ƙari na musamman, mod_hfs_apple, saboda wannan matsala a Mac.

A Disambar 2014 abin ya kai ga Git kansa. Git ba ya yarda wani ya turo maka fayil cikin foldarsa ta .git, inda saitunansa suke. Amma ba a hana .Git da babban G ba. A Linux wannan wata folda ce daban, ba ta da illa. A Windows da Mac kuwa ita ce dai .git ɗin, don haka mugu na iya shirya ma'ajiya wadda saukar da ita kawai zai danne saitunanka ya gudanar da umarninsa a kwamfutarka. An toshe, amma dangin wannan rami sun sake ɓullowa a Git a 2021 da 2024. In kuna ganin wannan tsohon zance ne, a Janairun 2024 aka same shi a Vite, kayan aikin da yawancinku masu React da Vue ke kunnawa kullum. Vite na da jerin fayilolin da ba ya miƙawa, ciki har da .env inda muke zuba kalmomin sirri. A lokacin mai duba jerin yana bambanta baƙaƙe, faifan Windows ba ya bambantawa, sai wanda ya nemi .eNv ya samu, in an buɗe sabar gwajin ga netwok. Shekara fiye da ashirin tsakanin .JSP da .eNv, bango ɗaya, tsaga ɗaya, ƙadangare ne kawai ya canza.

Akwai irinsa da ke cizo ko a Linux. Ka ba mutane damar ɗora hoto, ka rubuta cewa a hana duk abin da ya ƙare da .php. Wani ya ɗora .pHp. Bincikenka ya wuce shi, umarnin AddHandler na Apache kuwa bai damu da girman baƙi a ƙarshen suna ba, sai ya gudanar da shi. Shi ya sa nake cewa jerin abin da aka hana kullum yana da rami. A rubuta abin da aka yarda da shi, sauran duka a kore su.

Na san abin da ke zuciyar wasunku: to a mayar da komai ƙananan baƙaƙe kafin a kwatanta mana, magana ta ƙare. Da Ingilishi kaɗai ake rubutu a duniya da ta ƙare. Turkawa na da i iri biyu, mai ɗigo da marar ɗigo, kowanne da babbansa. A Java, in kwamfuta na kan saitin Turkiyya, ka ce a ƙanƙanta INDEX, abin da zai fito ındex ne da i marar ɗigo, kuma babu fayil mai wannan suna. Jamusawa na da ß wanda babbansa a al'ada SS ne, harafi ɗaya ya zama biyu.

Mu ma muna ciki, da baƙaƙenmu masu lanƙwasa. Dabarar ƙara 32 ba ta aiki a kansu. A Unicode babban Ƙ lambarsa 408, ƙaramin ƙ 409, maƙwabta ne. Babban Ɓ kuwa 385, ƙaramin ɓ yana can 595, a unguwar alamomin masana furuci. Ɗ da ɗ ma haka aka raba su, 394 da 599. Sai da tebur na musamman ake sanin wane ne ɗan'uwan wane, kuma ba kowane kayan aiki ke ɗauke da teburin ba. Umarnin strtolower na PHP baƙaƙen Ingilishi kawai yake taɓawa. Ka ba shi ƘASA, ya mayar maka Ƙasa, ya bar Ƙ a tsaye. Sai mb_strtolower ne zai ba ka ƙasa. SQLite ma, yadda yake zuwa, baƙaƙen Ingilishi 26 kawai ya sani a wannan fage. Don haka shafin labarai na Hausa da ke ƙera adireshi ko sunan fayil daga kanun labari na iya samun sashe ɗaya na cewa Ƙasa da ƙasa ɗaya ne, wani sashe na cewa biyu ne. Ban ma taɓo 'y ba, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa ƴ, mu kuma muke sa masa ɗan waƙafi a sama, wani madannai ya ba ka miƙaƙƙe, wani ya ba ka lanƙwasasshe, ido na ganin abu ɗaya, injin na ganin biyu. Wannan laccar wata rana ce.

Ga yadda nake aiki tun bayan wancan dare. Fayil ɗin da baƙo ya ɗora, ba na ajiye shi da sunan da ya zo da shi. Manhaja ke ƙirƙira masa suna na lambobi da ƙananan baƙaƙe, sunansa na asali kuma, da Ƙ ɗinsa da Ɗ ɗinsa, ya zauna a rumbun bayanai don a nuna wa mutane. Hausarmu ba ta rasa komai ba, faifai kuma bai sami abin yin alƙalanci a kai ba. Fayilolin da ni nake sa wa suna, hotuna da makamantansu, ƙananan baƙaƙe ne zalla, sai inda masaƙa ta shar'anta babba, can kuma ina bin ta sau da ƙafa. Ina kunna duk wani saiti da zai sa laftof ɗina ya yi min tsanani irin na sabar, kuma kowane canji sai an gwada shi a kan Linux kafin ya isa ga jama'a. A nan akwai tarko ga masu Docker: in foldar Mac ko Windows ka jingina wa kwantena, halin faifanka ne ya bi ta ciki, ko da Linux ce ke gudana. Sai ka kwafe fayilolin cikin kwantenar ne gwajin ya zama na gaskiya.

Baƙon da ke rubuta adireshi kuwa ba na tsananta masa. Ƙa'idar adireshi ta RFC 3986, ta 2005, ta ce sunan shafi bai damu da girman baƙi ba, abin da ke bayansa ne ake bambantawa, kuma babu dalilin da uban ɗalibi da ke duba sakamako a waya zai san wannan. In ya rubuta /Sakamako, sai in juya shi zuwa /sakamako tun a bakin ƙofa, sau ɗaya, kafin kowane bincike na izini, ta yadda maigadi da ma'aji suna ɗaya za su gani. Inda kuma dole fayil za a buɗe, sai manhaja ta fara tambayar faifai ainihin sunan abin da zai miƙo, a yi binciken a kan wannan amsar.

Wani ɗalibi ya tambaye ni kafin mu shigo ko Windows da Mac ne suka yi kuskure. Torvalds ya sha faɗin haka da kakkausar murya, kuma ta fuskar mai gina injin ina ganin hujjarsa. Amma na taɓa zama kusa da sakatariyar da ke neman wasiƙar da ta ajiye jiya, kuma ban ga amfanin da za ta samu ba in aka ce mata Wasika da wasika takardu biyu ne. An gina waɗancan don ita, an gina sabar don wani aiki, mu masu rubuta manhaja ne muke tsaye a tsakani muna ɗaukar kaya daga nan zuwa can. Kafin ku kwanta yau, ku buɗe aikin da kuke kai, ku sa git ls-files ya jero muku sunayen yadda Git ya san su, ku kwatanta da abin da foldarku ke nunawa. Shugaba, na ga an ɗaga min takardar lokaci, zan tsaya nan in karɓi tambayoyi.